Ranar da Aka Kai Mukarrama Lilo

Shafi na 14

Masu aiko min saƙo cewa na yi shiru, ku yi haƙuri, wuta ce ta ƙi zuwa unguwarmu, sai yau na samu caji. Mai cewa in tausaya wa Zayyad kuma, na ji, amma ba a hannuna abin yake ba. Bismillah.

*

Rake yake ferewa.

Tun da suka iso lambun, abin da Zayyad yake yi ke nan. Ya samu gindin wani mangwaro can gefe, ya jingina, ya ɗora sandar rake a cinya. Ya fere, ya yanka gaɓa-gaɓa, yara su zo su kwasa su ruga. In wannan ta ƙare ya jawo wata. Ragowar raken bana ne, daga Nasarawan Doya inda yake aikin dafa mazarƙwaila ya ɗauro shi a bayan babur.

Lambun a bakin garin Makarfi yake. Tsohon lambun mangwaro ne, wani ɗan kasuwa ya kewaye shi da waya, ya kafa lilo da wani ƙarfe da yara ke hawa su sulalo, ya ce wurin shaƙatawa ne. Da yake lokacin yawon ƙaramar Sallah ne, wuri ya cika maƙil. Kowace inuwa da iyalinta. Tabarma, tukunya, murhun duwatsu, hayaƙi. Yara sai ihu suke, iyaye mata na ƙwala musu kira.

Duk yana gani. Babu abin da ya shige shi.

Tun ƙarshen damina da matarsa Lubna ta rasu wajen haihuwa, ita da abin da ta haifa, haka yake. Ba kuka, ba dariya. In an ce ci, ya ci. In an ce tashi, ya tashi. Mutane suna ta yaba masa haƙuri. Shi ya san ba haƙuri ba ne. Kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta ne, ka mintsina ka ji ba taka ba.

Fitar nan ma ba shi ya kawo ta ba. Inna ce, mahaifiyarsa, wadda ko biki sai an yi da gaske take zuwa. Ita ta ce a fita da yara su sha iska. Ita ta sa yayansa Maiwada ya kira Jamila, yayar marigayiya Lubna, ta taho daga Kudan da mijinta Ɗayyabu da 'yan mazanta biyu. Har maƙwabciyarsu Angelina, tela, ƙawar Lubna, aka ce ta zo da 'yarta Diana.

Bai tambayi dalili ba. An ce ya zo, ya zo.

Can wajen murhu mata sun haɗa kai a kan dafa-duka.

“Maman Diana, attarugun nan ya isa haka!” in ji Jamila. “Ku mutanen Zonkwa ba ku san tausayin harshe ba.”

“Ji mata,” in ji Angelina, tana ci gaba da daka. “Gara ki saba tun yanzu, ke da za ki koma inda ake…”

Jamila ta watsa mata wani kallo. Angelina ta haɗiye sauran maganar, ta ƙara wa taɓarya ƙarfi.

Ɗayyabu kuwa ya durƙusa gaban murhu na biyu da babbar rigarsa ta Sallah, wai shi zai hura wutar suyar kaza. Ɗanyen itace ya tara. Hayaƙi ya turnuƙe shi, hawaye shaɓe-shaɓe.

“Alhaji, ka bar wa masu abin abinsu,” in ji Maiwada daga kan tabarma. “Kai da ko shayi ba ka iya haɗawa.”

“Wallahi sai ta kama. Ni da nake dafa wa kaina taliya a kasuwa?”

“Ai mun ga alama.”

Aka yi dariya. Zayyad ya ji dariyar kamar daga gidan maƙwabta take zuwa.

“Baba.”

Ya ɗago. Mukarrama ce tsaye a gabansa, 'yarsa, ita kaɗai Lubna ta bar masa. Ba ta cika shekara biyar ba. Hannunta duk taɓo. Ita da Diana sun kafa nasu murhun a gindin wata bishiya, suna tuwon ƙasa a gwangwanin tumatir. Ta kawo masa malmala biyu a kan ganyen mangwaro, an barbaɗa musu furen ciyawa.

“Ga naka. Ka ci.”

Ya karɓa. Ya kai kusa da baki, ya motsa leɓe.

“Ka ce da daɗi mana.”

“Da daɗi.”

“Wannan na Umma ne. Ka cinye shi ma, kar ya kwana.”

Ya motsa leɓe a kan na biyun.

Ta tsaya tana kallonsa kamar tana jiran wani abu. Ya ɗauki gaɓar rake, ya tsaga ta siri-siri yadda haƙoranta za su iya, ya miƙa mata. Ta karɓa ta ruga.

Sai da ta juya baya ya lura. Rigar jikinta ba wadda ya ɗinka mata ta Sallah ba ce. Takalmin ma sabo ne, ja, mai madauri. Bai san lokacin da aka saya ba.

Ya ajiye ganyen a gefe. Ya jawo wata sandar.

“Man gyaɗa fa?” Jamila ta ɗaga murya. “An bar jarkar a mota.”

Ɗayyabu, ido a rufe saboda hayaƙi, ya laluba aljihu ya cillo makulli. Ya faɗi kusa da ƙafar Zayyad.

“Zayyad, taimaka. Yana cikin but.”

“A'a, bari in je da kaina,” in ji Jamila da sauri, tana goge hannu a zane.

Amma ya riga ya miƙe.

Motar tana can kusa da waya, inda aka jera motoci da babura. Ya buɗe but. Ga jarkar man a gefe. Kusa da ita wata ƙatuwar jakar Gana-masgo, an danna mata kaya har zif ya fashe.

Ya gane kofin roba shuɗi.

Ya gane ƙaramin hijabin Islamiyya.

Ya gane zanen goyon Lubna, wanda Mukarrama ba ta barci sai ta dunƙule shi a hannu.

Ɗan allonta ya leƙo ta saman jakar, da wankakken rubutu a jiki. Ya ga in aka rufe but haka, allon zai karye. Ya zaro shi, ya kwantar da shi a ƙasan jakar, ya gyara masa zama. Sannan ya ɗauki jarkar ya rufe.

Da ya juyo, Angelina na tsaye a bayansa.

“Baban Mukarrama.”

“Na'am, Maman Diana.”

“Ka gani?”

“Na gani.”

“To?”

Ya kalli jarkar da ke hannunsa.

“Kudan ai ba nisa. In na tashi aiki sai in biya in gan ta.”

“Wane Kudan?”

Ya gyara riƙon jarkar.

“Wane Kudan, Baban Mukarrama? Alhaji ya samu rumfar albasa a Fatakwal. Sun tashi gaba ɗaya. Kayan ɗakinsu ma sun riga sun bi babbar mota. Gobe da sassafe za su kama hanya.”

“Fatakwal.”

“Fatakwal. Tun kafin azumi aka jibge min yadi in ɗinka wa yarinyar nan. Har da waɗanda sai baɗi za su yi mata daidai. Na ce wannan fa? Aka ce in yi ɗinkina in yi shiru. Wanda za shi Kudan ana ɗinka masa kayan baɗi ne?”

Wani yaro ya faɗo daga lilo can nesa, ya tsala kuka. Uwarsa ta ruga. Zayyad ya bi su da ido har aka ɗaga yaron.

“Kana ji na kuwa?”

“Ina ji.”

“Ni ba 'yar gidanku ba ce, ba ni da bakin magana. Amma Lubna ƙawata ce. A shagona take zama da cikin nan, yarinyar nan na wasa da ƙyallaye a ƙasa. Na yi shiru har yau, na kasa. Ka buɗe baki ka yi magana. In motar nan ta fita, sai dai ka ji muryarta a waya.”

“Man nan ake jira,” in ji Zayyad.

Ya wuce ta.

Jamila ta karɓi jarkar ba ta kalli fuskarsa ba. Shi ma bai kalli tata ba. Ya koma gindin mangwaronsa.

Abinci ya nuna. Aka juye wa yara a babban faranti, suka kewaye shi suna ture-ture. Mukarrama ta tsinci tsokar kaza ta ɓoye a hannun hagu, tana ci da dama, 'ya'yan Jamila na yi mata tsiya. Mata suka ja nasu gefe. Maza uku suka zauna a kwano ɗaya.

“Kai, yajin nan!” in ji Maiwada, yana shan iska ta baki. “Maman Diana, me muka yi miki?”

“Ku sha zoɓo!” ta amsa daga can. Muryarta ba wasa a ciki.

Zayyad ya ci. Bai ji yajin ba. Da suka gama ya zuba wa yayansa ruwa a buta ya wanke hannu, ya zuba wa Ɗayyabu, sannan ya wanke nasa. Ya ajiye butar.

“Yaya,” ya ce, murya a ƙasa, “na ga kayan yarinyar nan a mota.”

Ɗayyabu ya shiga gyaran hula.

Maiwada ya daɗe yana sakace. Sannan ya juya wajen mata.

“Inna, ɗan matso. Jamila, ke ma.”

Inna ta taso da ƙyar, tana dafa gwiwa. Ta zauna a bakin tabarma, ta miƙe ƙafafu. Jamila ta durƙusa a bayanta. Angelina ta kwashi yara ta yi wajen lilo da su.

“Ya gani,” in ji Maiwada.

“To, alhamdu lillahi,” in ji Inna. “Dama sai an gaya masa.”

“Yaushe?” in ji Zayyad.

“Yaushe me?”

“Yaushe za a gaya min?”

“In an gama wanke tukwane.”

Ya gyaɗa kai, kamar amsar ta yi.

“Ba a yi shawara da ni ba,” ya ce.

“Kai, Zayyad, ji tsoron Allah,” in ji Maiwada. “Ranar addu'ar uku, a zauren gidanmu, gaban kawunnan Lubna. Jamila ta aiko ta roƙi riƙon yarinyar nan. Na juyo na tambaye ka. Me ka ce?”

Ya tuna. Ya tuna zauren, da warin turare, da tafin hannunsa da ya gaji da shafa addu'a. Ya tuna bakinsa yana motsi.

“Na ce duk abin da manya suka yanke.”

“To manya sun yanke. Aka ce a bari a sha ruwa, a yi Sallah. Ga shi an yi.”

“Kudan aka ce.”

“A lokacin a Kudan suke. Arziki ne ya kira su gaba. Sai a fasa alkawari don Allah ya buɗa wa mutum?”

“Wallahi ba za ta nemi komai ta rasa ba,” in ji Ɗayyabu. “Makaranta na nan kusa da gidan da na kama. Da babbar Sallah kuma, in hanya ta yi kyau…”

“Alhaji, bari,” in ji Inna.

Ta juyo ta fuskanci ɗanta.

“Tun yaushe uba ya fara zama a tsakiyar mutane yana ja-in-ja a kan 'yar fari? Ubanku, Allah ya jiƙansa, da aka ɗauki Maiwada aka kai wa goggonku a Paki, ko ƙofar gida bai leƙo ba. Ba don ba ya so ba. Kunya ce, da sanin ya kamata.”

“Na sani, Inna.”

“Ba ka sani ba. Bari in gaya maka abin da ba ka sani ba.”

Ta gyara zama.

“Kai kake fita tun duhu, ka dawo da magariba jikinka duk warin rake. Ni nake wuni da ita. Gwiwata ba ta bin yaro. Idona ba ya ganin kitso. Rannan a bakin rijiya na tsinto ta, ta leƙa kai tana kiran uwarta.”

Jamila ta sa gefen mayafi a ido.

“Wannan ma ba shi ne ba,” in ji Inna. “Cikin azumin nan, bayan an sha ruwa. Kana zaune a tsakar gida a kan turmi. Tana jikina. Ta ɗago ta ce, Inna, yaushe Baba zai dawo?”

Ta dubi ɗanta.

“Kana zaune, Zayyad. Tsakaninku bai fi nan da tukunyar can ba. Na ce ga shi nan ai. Ta kalle ka, ta kalle ka, ta ce a'a, Baba na da nake nufi.”

Wani mangwaro ya faɗo kusa da tabarma, ya fashe. Ƙudaje suka taru a kai. Zayyad ya zuba masa ido.

“Ka ji ta a ranar?” in ji Inna.

“Ban ji ba.”

“To ka gani.”

Can wajen lilo Angelina na tura Mukarrama. Sabuwar rigar na tashi sama tana dawowa. Muryarta na zuwa har nan: “Ƙara! Maman Diana, ƙara!”

“Me ya sa a nan?” in ji Zayyad.

“Me?”

“Me ya sa sai a nan? Da tukwane, da lilo.”

Inna ta sassauta murya.

“An fitar da uwarta daga gidanmu ana kuka. Ba zan bari ita ma a fitar da ita daga ƙofar gidan ana kuka ba. Na ce gara ta tafi daga wajen wasa, cikinta a ƙoshe, hannunta da maiƙo. In ta tuna ranar, ta tuna lilo.”

Ta share hanci da bakin zane.

“Kana tsammani ni daɗi nake ji? Wa zai riƙa ɗauko min carbi?”

Jamila ta matso gaba da gwiwa.

“Zayyad.”

“Na'am, Yaya Jamila.”

“Ni na goyi Lubna. Ni na yi mata kitson aure. Ban zo in ƙwace maka 'ya ba, Allah ya sani. In na kalli yarinyar nan, ƙanwata nake gani tana ƙarama, shi ke nan. Amma kai ne ubanta.”

“Jamila,” in ji Maiwada, “magana ta riga ta…”

“A'a, Yaya Maiwada, ka bar ni. Ba zan ɗauki 'yar mutum in kai ta bakin teku da ƙullin zuciya a bayana ba.” Ta dubi Zayyad ido cikin ido. “Ka ce a'a. Kalma ɗaya. Wallahi, tallahi, da hannuna zan sauke jakar nan, kuma ba zan riƙe ka a zuciya ba. Ka ce a'a.”

Duk suka zuba masa ido.

Inna. Yayansa. Ɗayyabu da hularsa a hannu.

Ya nemi kalmar. Ya san inda ya kamata ta kasance, nan ƙasan maƙogwaro. Ya laluba. Kamar mai zura guga a rijiyar rani, ya ji igiya na tafiya, na tafiya, ba ta taɓa ruwa ba.

In ya ce a'a, gobe ma tun duhu zai fita. Zai dawo ya zauna a kan turmi. Za ta kawo masa tuwon ƙasa, ya motsa leɓe.

In ya ce a'a, a gaban Inna zai faɗa, a gaban surukai, a kan 'yar fari.

Ya ji ana kiran la'asar daga cikin gari.

“Allah ya sa haka ya fi alheri,” in ji Zayyad.

“Amin,” in ji Maiwada da sauri. “Amin, amin. Madalla da kai.”

“Amin,” in ji Ɗayyabu.

Jamila ta ci gaba da kallonsa. Ta jira. Da ta ga ba ƙari, ta tashi ta koma wajen tukwane.

Inna ba ta ce amin ba. Ta dafa kafaɗar Maiwada ta miƙe.

Suka yi salla a gindin bishiya, Maiwada ya ja su. Bayan nan aka shiga haɗa kaya. Mata suka goge gindin tukwane da toka da yashi. Aka yayyafa wa murhu ruwa, ya yi tsuwwa ya mutu. Aka naɗe tabarmi. Sauran iyalai ma sun fara tashi, ana neman takalman yara, ana ciro masu kukan ba su gaji da lilo ba.

Zayyad ya tattara ɓawon rakensa wuri ɗaya. Ya goge wuƙar a wando, ya mayar kube.

Angelina ta zo wucewa da Diana a hannu. Ta tsaya.

“Ka yi magana?”

“Na yi.”

“Me ka ce?”

“Na yi addu'a.”

Ta kalle shi daga sama har ƙasa. Ta ja 'yarta.

“Mukarrama!” Jamila ta kira, da muryar da ta sha gyara. “Zo, 'yar gidan Anti. Yau ke za ki shiga mota. Har kusa da gilashi.”

“Da Diana?”

“Diana za ta biyo mu daga baya.”

“Da Inna?”

“Ni gwiwata ba ta son mota,” in ji Inna. Ta jawo yarinyar, ta gyara mata ɗankwali, ta tofa mata addu'a a ka, ta daɗe tana goge mata maiƙon baki da babban yatsa, bakin da ba sauran maiƙo a jikinsa. “Ki riƙa jin maganar Anti.”

Mukarrama ta zame ta rugo wajen ubanta. Ta kama masa yatsa.

“Baba, zo mu shiga.”

“Da babur na zo.”

“Ka bar shi a nan mana.”

“Za a sace.”

Ta yi tunani. Ta ga gaskiya ne.

“To ka biyo mu. Ka yi gudu sosai. Mu ga wa zai riga.”

“To.”

Ta sake shi. Ta haye kujerar baya tsakanin 'ya'yan Jamila, ta durƙusa a kan kujera ta juyo, ta manna hanci a gilashin baya. Jamila ta shiga gaba. Ɗayyabu ya yi sallama da kowa hannu bibbiyu, ya tattare riga ya zauna.

Ya murɗa makulli.

Motar ta yi ƙir-ƙir-ƙir, ta yi shiru.

Ya sake. Ƙir. Shiru.

“Innalillahi,” in ji Ɗayyabu. Ya leƙo ta taga. “Batir ne. Yaran nan sun bar rediyo a kunne tun safe. Jama'a, a taimaka da turi!”

“Alhaji, a haka za a kama hanya?” in ji wani mai babur da ke kusa.

“Kai dai tura, malam!”

Maiwada ya naɗe hannun riga. Mai babur ɗin ya sauko, da wani magidanci da ya ajiye jaririnsa a hannun matarsa.

“Zayyad, zo mana,” in ji Maiwada. “Ka tsaya kana kallo.”

An ce ya zo, ya zo.

Wurin da ya rage tsakiya ne, daidai but. Ya ɗora tafukansa a kan ƙarfen. Rana ta gasa shi, da zafi. Ya ɗago kai. Fuskar Mukarrama ce a gabansa, gilashi kawai tsakaninsu. Ta ga Baba na tura ta. Ta ƙyalƙyale da dariya, ta buga gilashin da tafi.

“Bismillah! A tura!”

Suka tura. Taya ta motsa a yashi.

“Sa ta a giya ta biyu, Alhaji!”

“Tana ciki! Ku ƙara!”

Suka ƙara. Motar ta fara mirginawa tsakanin bishiyoyi, yaran wasu mutane suka biyo baya suna ihu, su a dole wasa ne. Zayyad ya sunkuyar da kai ya tura da dukan ƙarfinsa, yadda yake tura amalanken rake.

Motar ta yi tari. Ta ƙara yi. Ta kama.

Baƙin hayaƙi ya bugo musu ƙafafu.

“Alhamdu lillahi!” in ji Maiwada. Ya saki, ya dafa gwiwa yana haki. Mai babur ya saki. Magidancin ya saki yana kakkaɓe hannu.

Zayyad bai saki ba.

Bai yi niyya ba. Yatsunsa ne suka zarce suka kama leɓen but, suka ƙanƙame. Motar ta ƙara gudu. Ƙafafunsa suka bi.

“Zayyad! Ai ta tashi!”

Takalminsa ɗaya ya fice.

“Kai, Zayyad! Saki mana!”

Ɗayyabu bai taka birki ba, don in ta mutu sai an sake turi. Hon yake dannawa, mutane na darewa. A cikin gilashi Mukarrama ta daina dariya. Ta zuba wa fuskar ubanta ido. Bakinta ya motsa, bai ji abin da ta ce ba.

Ya ji muryar Inna daga nesa tana kiran sunansa, irin kiran da ba ta taɓa yi masa ba.

Ga ƙofar lambu a buɗe.

Bayanta kwalta ce.

Zayyad bai saki ba.